Tafiyata Jidda Wurin 'Yar Yaya

Ku matso kusa, 'yan uwana matan Islamiyyar unguwarmu, da ma duk wanda takardar nan ta faɗo hannunsa. Tun da na dawo kuke sallama ɗaya bayan ɗaya, kowacce sai na faro mata daga tushe, har muryata ta dushe. To ga shi na zauna na rubuta da ɗan bokon da na tsinta a ajin yaƙi da jahilci. Inda rubutun ya karkace ku miƙar da shi da bakinku.

Kun san ni ba mai fita ba ce. Kasuwar Kazaure ma sai in shekara ban taka ba. Abin da ya ɗaga ni har Jidda shi ne 'yar Yaya.

Ga wanda bai sani ba, 'yar Yaya ni na haife ta, ita ce ta fari. Ana yaye ta yayata Asabe ta zo ta goya ta sai Kano. Ita ta raine ta, ita ta sa ta boko har ta zama abin da ta zama. Ni kuwa yadda na ga iyayena sun yi haka na yi: ban taɓa kama sunanta ba. In ta zo hutu ta durƙusa ta ce, “Inna, ina wuni,” sai in amsa ina kallon tukunya. Ba ƙi ba ne, Allah ya sani. Kara ce, kuma har gobe ban ga aibunta ba.

Tana aiki a wani babban kamfani mai yin sabulu da man shafawa, irin masu reshe a ƙasashe da yawa. Ita ce mai duba kaya kafin su fita kasuwa, in ta ce bai yi ba, bai yi ba. Tana reshensu na Legas sai suka ce suna bukatarta a na Jidda. Na tsinci yadda abin yake daga hirarta da mijinta a tsakar gidanmu, ina daga ɗaki ina tsintar shinkafa. Ba sabon aiki ba ne, kamfanin ne zai ɗauke ta daga wannan hannun nasa ya sa a wancan. Su suka nema mata bizar aiki, su suka biya, su ne kafilinta, wato masu tsaya mata a wurin hukumar can. Sai dai bizar ta mutum ɗaya ce. Sai ta isa an ba ta iƙama, katin zama ke nan, sannan ta nemi a kawo mata iyali.

Mijinta Sabi'u malamin makaranta ne a Kano. Ya je umra da azumi ya sauka wurinta, ya dawo, ba a jima ba sai ga labari mai daɗi, ta samu juna biyu. Amma labarin bai tarar da Yaya Asabe ba, Allah ya riga ya yi mata rasuwa. Takardun Sabi'u na zaman dindindin suka tsaya a layi, fasfonsa yana hannun masu neman biza, in ya karɓo sai an koma farko. Ita kuma ba za ta zo wankan gida ba, don in ta haihu a nan sai an nema wa jaririn tasa bizar kafin ta koma, hutun kamfani kuwa ba ya jiran kowa. Sai ya zama yarinya za ta yi haihuwar fari a ƙasar mutane, ba miji a kusa, ba wadda ta raine ta.

Rannan ta kira Malam, mai gidana, ya buɗe muryar wayar ina zaune kusa. Ta ce, “Baba, ka tambayi Inna ko za ta iya zuwa. Bizar ziyara ta uwa ba ta daɗewa.”

Malam ya dube ni ya ce, “To, mai kara, kin ji.”

Na ce, “Ka ce mata a aiko da takardar.”

Kazaure zuwa Kano

Muna idar da sallar asuba Sabi'u ya tsayar da motarsa a ƙofar gida, gari bai waye ba. Kayana jaka biyu: kanwa, garin kunu, yajin jego, daddawa, kuka, kuɓewa busasshiya, sai kilishi da Malam ya sayo. Na fito da babbar tukunyar da aka yi min wankan 'ya'yana shida da ita, Malam ya tare ƙofa.

“Ina za ki da wannan?”

“Da me zan dafa ruwan?”

“Jirgi za ki hau, ba akori-kura ba. Ajiye.”

Na ajiye ina gunaguni. Na shiga baya na ja mayafi, Sabi'u yana gaba yana tuƙi, kowa yana jin nauyin kowa. Sai da muka wuce Ɗambatta 'yan sanda suka tsayar da mu. Ɗayan ya leƙo ya ce me aka ɗauko. Sabi'u ya ce kayan jego ne, Jidda za a kai su. Nan take mutumin ya ja baya ya ce, “Allah ya sauke ta lafiya. Hajiya, a sa mu a addu'a a ɗakin Allah, ni Kofur ne shekara da shekaru.”

Da muka doshi Kano sai Sabi'u ya gyara murya, yana magana yana kallon gilashin gaba kamar da shi yake.

“Inna, in an isa can za su iya tambayar wanda ya gayyace ki. Sai a faɗi sunanta cikakke, haɗe da na Baba.”

Ku ji fa. Suna biyu da bakina bai taɓa furtawa ba, na 'yar fari da na miji, a faɗe su jere a gaban baƙo.

Na ce, “Ba a takarda yake ba?”

“Yana ciki, Inna.”

“To su karanta. Ai don haka aka sa su makaranta.”

Na ga kafaɗarsa tana motsi, dariya yake ɓoyewa.

Filin jirgin Kano

A wurin binciken kaya wata ma'aikaciya mai kaki ta buɗe jakata ta ɗago ƙullin kanwa. Ta ce, “Hajiya, wannan farin abin fa?” Ta sansana, ta ɗan lasa, ta yamutsa fuska, sai ta yi dariya.

“Jego ne? 'Yarki ce ta haihu?”

Na ce, “'Yar yayata ce, kuma ba ta sauka ba tukuna.”

Ta ƙulle min da kanta ta ce in nannaɗe daddawar da leda uku, in ba haka ba duk jirgin zai san da ni.

Mun tashi da hantsi. Kusa da ni wata 'yar kasuwa ce mai zuwa saro abaya, ta ce ita ta daina ƙirga zuwanta. Ita ta ɗaura min bel, ita ta ce in haɗiye yawu in kunnena ya toshe. Jirgi yana ɗagawa na kama hannunta ban saki ba sai da aka kawo abinci, shinkafa da kaza a ɗan kwano kamar na magen gida. Awa huɗu da wani abu muna sama. Can ta taɓo ni ta nuna taga, na ga ruwa shuɗi ba iyaka, ta ce Bahar Maliya ke nan. Na yi salati.

Jidda

Layi ne dogo har gaban wani saurayi a cikin ɗan keji na gilashi. Ya sa na ɗora yatsuna a kan wata fitila, ta ƙi karɓa saboda lallen da na sha, sai da ya ba ni tsumma na goge na sake dannawa. Sannan ya yi tambaya da Larabci. Ban jira ba na tura masa takardar gayyata. Ya karanto sunan da irin bakinsu, ya ɗago kai. Na gyaɗa nawa. Ya buga hatimi. Na ce a raina, Sabi'u, da kana nan da ka gani.

Ina turo kaya waje na hango ta. Ta yi nauyi, ƙafafunta sun kumbura, fuskarta ta koma ta Yaya sak. Ta taho da sauri hannu a buɗe, ta zo dab da ni sai ta tuna, ta tsaya ta rusuna.

“Inna, sannu da hanya.”

Na ce, “Yauwa. An same ku lafiya?” Ina duban jakunkuna.

Wani dattijo baƙi mai farar jallabiya da ke bayanta ya riƙe baki. “La ilaha illallah! Ya Hajja, bintinki ce fa, 'yarki! Shekara ba ku haɗu ba, shi ke nan, halas?”

Ta ce, “Ammu Hamza, bar Inna. Haka muke.”

Wannan shi ne Alhaji Hamza, ma'aikacin kamfaninsu mai bin takardu. Duk wanda aka canjo daga wani reshe, shi ke shiga ya fita har a ba shi iƙama, shi ke sabunta ta in ta ƙare. A Jidda aka haife shi, Hausarsa rabi Larabci ce. A mota ya ce min kakansa daga ƙasar Haɗejia ya taso da ƙafa zuwa aikin hajji, ya zauna bai koma ba.

“Jaddina ya zo ba biza ba fasfo, ya Hajja. Yanzu ni jikansa, shugulina, aikina ke nan, bin wa mutane waraƙa, takarda, daga ofis zuwa ofis. Na Hindiya, na Masar, na Filifin, duk sharika ɗaya, kamfani ɗaya, ana juya su kamar waina. Yau kana nan, bayan shekara uku a ce yalla, Dubai.”

Na ce, “To na Sabi'u fa, yaushe za ta fito?”

“Ƙarib, ta kusa, in sha Allah. Layi ne. Ma'aikaci sharika tana sauri a kansa, don tana son aikinsa. Miji kuwa, sabur, sai haƙuri.”

Sharafiyya

Gidanta a hawa na huɗu yake, a unguwar Sharafiyya, ƙasa duk shaguna ne, masu waya da masu gurasa da masu turare, dare da rana ba sa rufewa. Ɗaki biyu da falo. Ba tsakar gida, ba inda mutum zai zauna ya ga sama. Abin da ya fi damuna shi ne ba inda zan kauda kai. Ni da ita a falo ɗaya, in na juya nan ita ce, in na juya can hotonta ne da Yaya a bango.

Da safe takan aika a sayo wake dafaffe da suke kira ful, da wata faffaɗar gurasa mai zafi, tamis, riyal kaɗan mu ƙoshi. Ni kuwa na karɓe girkin rana. Ranar da na fara yin miyar kuka maƙwabciyarta ta ƙwanƙwasa ƙofa. 'Yar Filifin ce, a kamfaninsu take, ita ma canjo ta aka yi daga reshen ƙasarsu. Ta ci tuwo da cokali hawaye na zuba don yaji. 'Yar Yaya ta fassara min cewa 'ya'yanta biyu suna can wurin uwarta, tana jiran takardunsu. Na ƙara mata miya. Daga ranar kullum sai na ajiye mata nata.

In 'yar Yaya ta yi barcin rana nakan zauna daga bakin ƙofa ina sauraron numfashinta. Da ta motsa sai in tashi in shiga kicin.

Hindawiyya

Maganar tukunya ba ta bar raina ba. Ruwan zafinsu daga bango yake fitowa, amma wannan ba ruwan jego ba ne. Na yi wa Alhaji Hamza ƙorafi, ranar Juma'a ya zo ya kai ni gidan yayarsa a Hindawiyya, tsohuwar unguwa mai lunguna kamar cikin birnin Kano. Sunanta Hajiya Zainabu. Hausarta irin ta kakanninmu ce, wadda rabona da jin ta tun ina yarinya. Ta ba ni shayi mai na'ana'a, ta sa aka sauko da wata ƙatuwar tukunya da suke dafa shinkafar biki, ta nuna min bishiyar darbejiya a bayan gidansu ta ce in aiko kullum a yanko.

Hamza ya tsegunta mata abin da ya gani a filin jirgi. Ta yi dariya har tana riƙe ciki.

“Uwata ma haka ta yi da babban wanmu har ta koma ga Allah. Wancan, wancan, haka take ce masa. Amma ƙanwata, ƙasar nan komai da suna ake yi. Ko ruwa za a kawo miki sai an ce na wa.”

Na ce, “Ai ina da takarda.”

Asibiti

Ranar wata Talata ta ce za ta je awo ta dawo mu ci abincin rana. Na ce in raka ta, ta ce a'a, yanzu za ta dawo. Na ɗora tuwo. Ina tuƙi aka buga ƙofa da ƙarfi, na buɗe sai ga Alhaji Hamza yana haki.

“Yalla ya Hajja, yalla! Sun riƙe ta, haihuwa ta zo!”

Na kashe wuta, na fizgi mayafi, takalmi ma wari da wari na saka. Jakata mai takarda da waya tana nan rataye a bayan ƙofa, ban tuna da ita ba.

A ƙofar asibiti ya ce maza ba sa hawa sashen haihuwa, ga shi an hana tsayawa da mota. Ya sa ni a lif ya danna uku ya juya. Ƙofa ta buɗe na ga dogon baranda, ɗakuna dama da hagu duk iri ɗaya, ga tebur a tsakiya. Wata budurwa ce a zaune, baƙa kyakkyawa, da ganinta jininmu ce. Na yi mata Hausa, ta gane, amma mayarwar sai da ƙyar.

“Hajja, wa kike so? Suna.”

Na laluba kafaɗata. Ba jaka.

Na ce, “'Yar Nijeriya ce, doguwa, mai aikin kamfanin sabulu. Yau ta zo awo.”

“Hajja, mata kasir a nan, da yawa. Ba shiga sai da suna. Ismaha, sunanta?”

“Haihuwar fari ce. Tana da wushirya.”

Ta girgiza kai, ta nuna min na'urar da ke gabanta. “Nan babu wushirya. Suna, Hajja, da sunan baba.”

Na tsaya. Na duba lif ko Hamza zai ɓullo, ba kowa. Sai na ji wani ɗan nishi daga ɗaki na biyu a hannun dama, ƙofarsa ba a rufe ruf ba. Ba kuka ba ne, Yaya ba ta raini mai raki ba. “Wash, ya Salamu,” kawai aka ce, can ƙasa-ƙasa. Duk duniya mutum biyu na sani masu faɗar haka in abu ya ci su, ɗaya tana kabari. Na nufi ƙofar, yarinyar ta miƙe ta sha gabana da ladabi. Aikinta take yi, ban ga laifinta ba.

Na buɗe baki don in gaya mata a hankali, ita kaɗai ta ji. Ban san yadda aka yi ba, muryar ta fito da ƙarfi, kamar mai kira daga tsakar gida.

“Sa'adatu!”

Daga cikin ɗakin aka ce, “Na'am, Inna!”

Yarinyar tebur ta dube ni, ta dubi ƙofa. Ta ce, “Sa'adatu bint min? 'Yar wa?”

Na ce, “Idrisu. Sa'adatu Idrisu. Ni na haife ta. Matsa min.”

Ta matsa.

Na same ta kwance ta riƙe ƙarfen gado, gumi ya jiƙa mata wuya. Na cire hannunta daga ƙarfen na sa a nawa. Ba tukunya, ba bango, ba inda zan kalla sai ita. Da ciwon ya ɗan lafa ta buɗe ido ta ce, “Inna, sake faɗa.”

Na ce, “Ke, ki ji da abin da ke gabanki.”

“Don Allah, Inna.”

Na sunkuya na faɗa mata a kunne. Duk sanda ciwon ya taso sai in sake, har na daina jin nauyinsa a harshena. Ana kiran la'asar ta sauka, mace, mai wushiryar da ba a gani ba tukuna amma na san tana nan tafe.

Jego da dawowa

Wanka kuwa an yi shi yadda ake yi. Tukunyar Hajiya Zainabu ta cinye kan murhu huɗu na gas ɗin 'yar Yaya, safe da yamma ina dafa ruwa ina fyaɗa mata ganyen darbejiya tana cewa, “Inna, za ki dafa ni!” Kunun kanwa kullum, har 'yar Filifin ta koyi sha. Ranar suna matan Hindawiyya suka cika falon, ga abokan aikinta na ƙasashe iri-iri, kowacce da ledarta. An sa wa jaririya sunan Yaya na yanka, Hauwa'u, ana kiranta Ummi. Alhaji Hamza ya karɓi takardar haihuwa ya ce, “Ita ma sai na yi mata iƙama. Bint sati ɗaya, ta shiga layi.”

Saura kwana kaɗan arba'in Alhaji Hamza ya kira yana ihu a waya, bizar Sabi'u ta fito. Ya sauka ranar Alhamis. Na bar musu falon na shige ɗaki, amma ina jin sa yana yi wa 'yarsa magana. Washegari ya kai ni Makka na yi umra, na ga ɗakin Allah da idona, ban manta da Kofur na Ɗambatta ba.

Ranar tahowa, a filin jirgi, ta sake tahowa hannu a buɗe. Wannan karon ban dubi jaka ba. Alhaji Hamza ya ce, “Aiwa! Yanzu halas.”

Na sauka Kano da azahar, ƙanin Sabi'u ya kawo ni Kazaure kafin magariba. Na gode wa Allah da ya kai ni ya dawo da ni. Na gode wa Alhaji Hamza da Hajiya Zainabu, da ku da kuka riƙa leƙo min gida kuna ba awakina dusa.

Malam ya bari sai da baƙi suka watse, ya zauna a bakin tabarma yana murmushi.

“An ce har sunana kika haɗa kika faɗa a Jidda.”

Na ce, “Ma'aikaciya ce ta tambaya.”

“To sake faɗa mu ji.”

“Wannan sai ka je can ka kwanta a asibiti.”

A gaban mutane har yau 'yar Yaya nake cewa, kun dai ji ni. In ta kira waya kuwa nakan shiga ɗaki in ja labule, abin da nake kiranta a can tsakanina da ita ne. Wasu a cikinku sun ce na zubar da kara a ƙasar mutane, na ji, kunnena bai mutu ba. To ke da kike faɗa, ki gaya min tsakaninki da Allah: in ke ce a gaban teburin nan, taki ta fari tana nishi a bayan ƙofa, sau nawa za a tambaye ki kafin ki kira ta?